Yadda na raba Kawu da gadinsa a Kano

Mun tashi da asuba daga Matameye, ana fitowa daga masallaci, ni da Kawu yayan mahaifiyata, a saman wani kamyo, babbar motar kaya, da aka lafta wa buhunan gyada zuwa Kano. Abokan aikina malaman lakwal, makarantarmu ta boko, kun matsa mini sai na ba ku labarin ƙasar Ingilishi. To ga shi na rubuta, amma wanda ke jiran labarin daɗi ya yi haƙuri. Kunya na kwaso a tafiyar nan, ba tsaraba ba.

Rani goma sha takwas Kawu ya yi yana gadin ƙofar sito a wani kamfanin gyada a Kano. Da damina ya dawo gona, ana gama girbi ya koma. Idan rumbu ya yi ƙasa, gadin nan ne ke riƙe gidansa. Dole maigadin wurin ya ji Ingilishi, don direbobi da akawuna yawancinsu 'yan kudu ne. Bana sai aka aiko masa cewa an kawo sabon Bature wanda bai san kowa ba, ya ce kowane tsohon ma'aikaci ya zo ya tsaya gabansa ya yi bayanin kansa da bakinsa. Wanda bai gamsar da shi ba, a sa wani.

Kawu bai taɓa shiga lakwal ba, amma yana da takardarsa, kamar yawancin 'yan cin ranin garinmu. Abin da kunnensa ya ji daga bakin masu harshen shi yake rubutawa da ajami, yadda ya ji shi sak, ga fassarar Hausa a gefe. Ya kan ce damina tana wanke masa Ingilishin daga ka, shi ya sa duk shekara yake bitar takardar a hanya kamar mai tilawa, kafin a isa Kano baki ya warware.

Ni kuwa, mushe guda, yadda ake kiran malamin lakwal, mai koyar da Faransanci, na sayi wani ɗan littafin Ingilishi mai fassarar Faransanci wurin wani akawu a Damagaram. Ban taɓa jin harshen daga bakin kowa ba, amma kaina ya kumbura. Da Kawu ya nuna mini takardarsa a zaure gaban mutane, dariya na yi har da buga cinya. Na ce wannan ba Ingilishi ba ne, kame-kame ne, sabon Bature ya ji wannan ai korarsa zai yi. Na karɓe ta na jefa a akwatina, na kwafo masa “na gaskiya” a kaye, littafin rubutu sabo fil, da haruffan boko waɗanda ba ya iya karantawa. Tun da muna hutun ƙarshen shekarar Nasara, na ce zan raka shi in riƙa karanta masa. Ya yi ta sa mini albarka, yana gaya wa mutane ɗan ƙanwarsa ya fitar da shi kunya.

Hanyar Dawce yashi ce zalla. Sau biyu kamyon ya kafe, muka sauka muka tura, ni da farin wandona na zuwa aji. A bakin iyaka 'yan duwan masu binciken kaya suka soka ƙarfe cikin buhu biyu uku, suka leƙa kayan kowa, suka ce mu wuce. Daga nan dala da tamma, kuɗin ƙasarmu, suka daina magana, sai sule da kwabo. A Daura mun sha fura ta kwabo biyu, mai kauri da yaji, mai furar tana tsokanarmu wai 'yan Faransa ba su san ƙoshi ba.

Duk tsawon hanyar nan ina zaune a kan buhu da kaye a hannu, ina karantawa Kawu yana maimaitawa. Kowane harafi na ba shi haƙƙinsa yadda aka koya mini a Faransanci, wanda ma Faransanci ke haɗiyewa na tono shi don kada in rage wa Ingilishi kome. Kalmar dare, wadda Kawu ya saba cewa “nait”, na ce masa “nigit” ce, ga ta nan a rubuce. Ya ce a hankali shi fa ba haka yake ji a Kano ba. Na ce ai shekara goma sha takwas kunnensa ke yaudararsa, littafi ba ya ƙarya.

Akwai 'yan garinmu biyar a saman kamyon, duk masu cin rani. Na ga suna kallon juna, ɗaya har ya buɗe baki ya rufe. Ba wanda ya ce uffan, don ba a gyara wa mushe karatu. Ni kuma na ɗauka sha'awa ce ta hana su magana, na ƙara ɗaga murya.

Taya ta fashe wajen duwatsun Kazaure, muka yi rabin yini a gindin tsamiya. Sauran suka miƙe ƙafa suna cin rogo da ƙuli. Kawu ya koma gefe yana ta nanata abin da na koya masa, idan tsohon ya kuɓuce masa sai ya ja tsaki ya gyara zuwa nawa. Da hannuna na zauna na kankare masa abin da ya sani.

Kano dai Kano ce. Kekuna kamar a ba ka kyauta, jirgin ƙasa na kuka, dalar gyada ta fi duk wani gini da na taɓa gani tsawo. Mun sauka a Fagge wurin mutanen garinmu, muka ci tuwon shinkafa na sisi, kwanon ko rabin na gida bai kai ba. Amma ban ga garin da kyau ba, don washegari da hantsi muka tafi sito.

Mutum uku ne ke neman ƙofar. Baturen saurayi ne ja jawur, yana zaune a baranda, akawunsa ɗan kudu mai ɗan jin Hausa na tsaye a gefe. Kawu ya gyara hula, ya tsaya ƙyam, ya zubo karatuna tun daga gaisuwa har ƙarshe, bai yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Baturen ya yamutsa fuska ya yi wa akawu magana.

“Maigida ya ce wane yare ne wannan?” in ji akawun.

Na matsa gaba don in ceci lamarin, na maimaita da ƙarfi. Akawun ya juya baya, kafaɗunsa na rawa don dariya. Da na rasa ta yi sai na miƙa kayen. Baturen ya duba, ya gyaɗa kai, ya karanta layukan a fili. Wallahi abin da ya fito daga bakinsa shi ne abin da na yi wa dariya a zaure. Har “nait” ɗin.

Kawu ya juyo ya dube ni, ba da fushi ba. Ya ce, “Mushe, ai takardata ke nan yake karantawa.”

Baturen ya jefo masa tambaya biyu. Na ga Kawu ya gane su sarai, amma da ya buɗe baki sai tsohon da sabon suka cakuɗe, ya kama wannan ya saki wancan, gumi na zuba daga ƙarƙashin hularsa. Na roƙi akawu ya faɗa cewa mutumin nan rani goma sha takwas ya yi a ƙofar. Ya faɗa, Baturen ya ɗaga kafaɗa. Aka ba wani ɗan Kazaure gadin.

A bakin ƙofa akawun ya tausaya mini. Ya ce rubutuna babu kuskure ko ɗaya, amma Ingilishi daban ake rubuta shi, daban ake faɗarsa, su ma sun sha bulala a kai a makaranta. Na ce wa Kawu zan aiko masa takardarsa da kamyon farko. Ya ce ba komi, an riga an ba da ƙofar. Ya saya mini ƙosai, ya tsaya sai da na ci. Da ya zage ni da na fi samun sauƙi.

Kwana biyu ya yi yana yawon neman wani gadin, duk an cike. Ranar da zan taho na same shi da garwa biyu da sanda a kafaɗa, ya shiga ga-ruwa, mutum mai furfura. Ya ce in koma yara na jirana, kuma in gaya wa Iya matarsa ya sami ƙofarsa lafiya lau.

A hanyar dawowa kamyon ba kaya, sai jijjiga, na sami lokacin tunani. Har yanzu ina nan a kan cewa masu Ingilishi su zauna su gyara rubutunsu, abin da baki ya faɗa shi alƙalami zai sa, su zubar da haruffan da ke zaune ba aikin yi. Wanda ya koya daga takarda bai kamata takarda ta ci amanarsa ba. Gyaran da suka kasa, Kawu da 'yan cin rani sun yi shi tuntuni da tawadar allo. Sai dai ba zan ɗora wa Turawa laifin duka ba. Su suka rubuta abin da ba sa faɗa, amma ni ne na raina mutumin da ya ji da kunnensa don kawai ina da littafi.

Na iso Matameye da la'asar, na wuce gidan Kawu kai tsaye. Iya na sussuka a tsakar gida. Ta yi mini sannu da hanya, ta kawo ruwa, ta tambayi ƙofa. Na shirya saƙon Kawu tun daga Daura, amma bakina ya ƙi. Na ce, “Iya, bai samu ba. Ruwa yake ɗauka yana sayarwa. Ni na jawo masa.”

Ta jingina taɓarya da turmi.

“Da wannan bayan nasa?” ta ce. “Bai gaya maka ba ko? Tun tsakiyar damina ni nake ɗaga shi daga tabarma.”