Kujerar Baƙon Baba

Babana mai gyaran agogo ne, amma in ka faɗa a gabansa sai ya gyara maka zance: agogo hanyar cin abinci ce, aikinsa na gaskiya neman mutane. Shagonsa bai fi faɗin gado ba. Teburi ɗaya, fitila mai lanƙwasasshen wuya, sai ɗan gilashin nan da yake maƙalawa a ido ɗaya. A nan yake ɗana tarkonsa.

Kowa ya san dabarar, kuma kowa na faɗawa. Ka kawo agogo a sauya maka batir, aikin minti biyu, sai ya buɗe bayansa, ya zazzage kayan cikin a kan farin ƙyalle, ya ajiye abin aiki. To, ina za ka, agogonka na kwance hanji a waje? Sannan ya ɗago kai ya ce, "Ɗan'uwa, me ke damunka kwanan nan?" Ba ya farawa da wa'azi. Sai ka gama zazzage naka cikin, sannan ya ce ranar Laraba da ƙarfe biyar ana nazarin Littafi Mai Tsarki a gidansa, akwai shayi, akwai wurin zama.

Ban raina aikinsa ba. Da idona na ga direban da giya ta kusa kaiwa kabari ya dawo mutum a falonmu. Amma ni 'yarsa ce, na san abin da masu yabonsa ba su sani ba. Baba inuwar giginya ne, na nesa ka sha.

Akwai kujera ɗaya a falon, kusa da taga, mai matashi, ta fi sauran kyau. Ba mai zama a kanta. Baba ya ce ta wanda Ubangiji bai kawo ba tukuna ce. Kowace Laraba sai su ɗora mata hannu su yi addu'a a cika ta. In sabon mutum ya zo, ranar nan tasa ce. Mako mai zuwa a samo masa wata, ita kuma ta koma jira.

Mama kuwa a ƙofar kicin take tsayawa da butar shayi a hannu, don daga nan ake jin karatun sosai. Ba ta iya karatu ba. Shekara goma sha tara tana tsaye a wurin, ƙafafunta na kumbura, har ta haddace abin da ake karantawa. Nakan ga leɓenta na motsi kafin mai karatu ya kai ƙarshen aya.

Cikin waɗanda Baba ya kamo da dabarar agogo akwai wata malamar asibiti, yarinya mai saurin ɗauka. Shi ya koya mata neman mutane. Ya ce mata, "Kada ki je wurin masu surutu. Nemi wanda ke tsaye a gefe, wanda ba a taɓa tambayarsa komai ba."

Wata Laraba, da Baba ya tambaya ko akwai wanda ya samo wani, sai ta ce, "Baba, na samo."

"Madalla. Ina yake?"

Ta tashi, ta karɓi butar daga hannun Mama, ta riƙo hannun Mama har gaban taga. Mama ta zauna a bakin kujerar, a ɗosane, kamar mai tsoron ɓata ta.

Malamar ta ce, "Wata uku ke nan ina zuwa muna hira a kicin. Tana so ta koyi karatu ta gani da idonta. Kuma tana da tambayoyi."

Baba bai yi fushi ba. Da ya yi fushi, da na fi saurin yafe masa. Dariya ya yi, irin wadda ake yi wa yaro in ya sa takalmi a juye.

"'Yata, ai wannan ta gida ce. Wa ke neman ɓataccen abu a aljihunsa?" Ya juya ga Mama. "Uwar yara, shayin nan zai huce."

Mama ta tashi ta ɗauki butarta.

Malamar ta ƙara zuwa sau biyu, daga nan ba mu sake ganinta ba. Baba ya sa aka yi mata addu'a, wai bangaskiyarta ta yi sanyi. Na so in koya wa Mama karatun da kaina, ta ce, "Bari kawai, idon ma ya tafi." Tambayoyin nan kuwa har yau ban san ko mene ne ba.

Bara ƙafafun Mama suka ƙi gaba ɗaya. Likita ya ce ta rage kwanciya, ta riƙa zama inda za ta jingina bayanta. Ban nemi izinin kowa ba, na ɗauko kujerar tagar na kai mata ɗaki. Kwana biyar ta yi a kanta.

Ranar Laraba, biyar saura kwata, sai ga Baba a bakin ƙofa cikin gogaggiyar riga, yana sosa ƙeya.

"Ko za a ɗan ara mini ita? Awa ɗaya kawai."

Na buɗe baki, abin da ke cikina na shekara ashirin ya taso. Mama ta riƙe mini hannu.

"Kama ni in koma gado," in ji ta. "Kai masa. Kada baƙonsa ya zo ya tsaya. Tsayuwa ba daɗi."

Na kai masa, da sauran ɗumin jikinta a matashin. Suka ɗora hannu suka yi addu'a Ubangiji ya kawo mai zama. Ranar ma ba wanda ya zo.