Pil ɗin da Ba Ya Shiga Rediyo

Hajiya ce ta fara ce mini Injiniya, ni kuma ban taɓa ce mata ba haka ba ne. Gaskiyar magana, jan waya na koya a Maradi wajen wani mai gyaran lantarki, na zo Yamai na yi shekara biyu ina ɗaura fanka a gidajen mutane, sannan na faɗa harkar alam ɗin gobara marar waya, don na ga ba ta buƙatar fasa bango. Kwali ne za ka buɗe. Ga santaral, wato uwar, wadda ake kafawa a falo. Ga ƴaƴanta farare masu kama da murfin kwano, ana manna su a rufin ɗaki su riƙa shanshanar hayaƙi. Kowane ɗa da pil ɗinsa, wato batir, kuma ta iska yake magana da uwar, kamar salula. In ka iya karanta ɗan littafin Faransancin da ke cikin kwalin, shi ke nan ka zama gwani. A lokacin nan kaina ya kumbura, ba na jin maganar kowa.

Hajiya ƴar kasuwa ce, shadda da leshi take sarowa. Wuta ta taɓa lashe mata kaya a wani shago, tun daga nan ta daina yarda da kasuwa, ta sa aka kawo mata kwantena ta ƙarfe aka ajiye a bayan gidanta na unguwar Koira Kano, duk dukiyarta tana ciki. Kafin ni ta kira wani dattijo mai gilashi ya duba aikin. Shi ya ce mata ƙarfe yana cinye rezo, wato ƙarfin saƙon da ke bin iska, sai an ƙara wani ɗan akwati da ake kira rile a kusa da kwantenar, ya riƙa karɓar magana yana miƙa wa uwar. Da ta gaya mini, har da ƙyaƙyata dariya na yi. Na ce, "Hajiya, tsofaffin nan zamani ya wuce su. Ni zan haɗa miki ba rile ba komai, ki gani da idonki."

Na haɗa kuwa. Na manna ɗaya a kicin, biyu a ɗakuna, ɗaya a cikin kwantena. Na danna gwaji, jiniya ta ɗauka har kajin maƙwabta suka watse, rezo ya cika taf a fuskar santaral. Hajiya ta sa mini albarka. Abin da ban lura da shi ba, ni gwanin duniya, shi ne ƙofar kwantenar a buɗe take lokacin da na yi gwajin.

Wanda ya riƙe mini tsani a ranar maigadin gidan ne, wani tsoho Bazabarme ɗan Gamkalley. Tun gidan yana tulin bulo da siminti yake gadinsa. Hausarsa ta kasuwa ce, yakan ce mini "kin zo lafiya" in yi ta dariya, shi ma ya taya ni bai san dalili ba. Ni Baba nake ce masa. Abu biyu ba ya rabuwa da su: butar shayinsa da wata tsohuwar rediyo da aka ɗaure bayanta da roba, tana magana tun safe har yamma a gindin bishiyar ƙofar gida. Mabuɗin kwantena biyu ne, ɗaya wajen Hajiya, ɗaya a wuyansa, saboda shi ke buɗe wa masu ɗaukar kaya.

Sati uku da gama aiki Hajiya ta kira ni, wai abin nan yana ta ƙit, ƙit, ya hana ta sakat. Na je na tarar uwar tana nuna pil ɗin na kwantena ya yi ƙasa. Pil ɗin da ya kamata ya yi shekaru! Na ce ai wanda ya zo cikin kwali ne, ya daɗe a ajiye. Na sa sabo. Bayan sati uku, ƙit, ƙit. Na ce jabu ne aka sayar mini a kasuwar Katako, na zagi mai shagon a gabanta son raina, bawan Allah bai ci ba bai sha ba. Na je babban kanti na sayo mai kyau. Da shi ma ya mutu, sai na cire ɗan gaba ɗaya na sa wani, na sake gabatar da shi ga uwar, na goge hannu na ce an gama.

A karo na huɗu ne na yi abin da ya kamata in yi tun farko. Santaral tana da ajiyar labari, duk abin da ya faru tana rubutawa. Na tsaya a falo ina danna maɓalli ina karantawa. Na kwantena ya ɓace, ya dawo, ya ɓace, ya dawo, layi bayan layi ba iyaka. Na fita na ce wa Baba ya rufe ƙofar kwantenar ya sa kwaɗo, na koma falo da gudu. Rezo ya faɗi warwas, saura ɗan ɗigo. Ashe duk lokacin da aka rufe ƙofar, ɗan nan kiran uwarsa yake ta yi ba ta ji, ya sake kira, ya sake, har ƙarfinsa ya ƙare. Ga kuma zafin bazara yana dafa shi cikin ƙarfe. Maganar dattijo mai gilashi ce, ba ragi ba ƙari. Wani abin da ya fi tayar mini da hankali: da wuta ta tashi a kwantenar nan cikin watannin, wataƙila da jiniya ba ta ce uffan ba.

Akwai kuma wani abu da ajiyar ta nuna. Duk wanda ya buɗe murfin ɗan, uwar tana rubutawa. Ranakun zuwana ne kawai a rubuce, ba wanda ya taɓa buɗe shi sai ni.

Ina tsaye a nan Hajiya ta fito daga ɗaki, ta zauna, ta gyara mayafi. Ta ce, "Injiniya, tambaya ɗaya zan yi maka, ka ba ni amsa tsakaninka da Allah. Pil sabo, mai kyau, yana mutuwa a sati uku haka kawai?"

Na ce, "A ƙa'ida dai a'a, Hajiya."

Ban yi ƙarya ba, na daɗe ina lallashin kaina da wannan. Amma na ga inda idonta ya nufa, ta taga, wajen bishiyar da rediyo ke magana. Ta ce, "Ai na sani. Ruwa ba ya tsami banza. Kana sa sabo, ana cirewa ana sa maka tsoho. Rediyon nan dare da rana ba ta shiru, da me take ci?"

Mataccen pil ɗin da na ciro a zuwan baya yana cikin aljihuna, ina jin sa a cinyata. Gajere ne, ɗan dunƙule, ba irin wanda ake sayarwa a tebur ba. Ko da guduma ba za ka sa shi cikin rediyon Baba ba. In fito da shi in ajiye a tafin hannunta, in ce a kawo rediyon a gwada, magana ta mutu a nan. To amma in ba Baba ba ne, wane ne? Tambayar da za ta biyo baya ke nan, amsarta kuma ni ne, da dariyar da na yi wa dattijo, da mai shagon Katako da na zaga, da wata uku da kayanta suka yi ba tsaro. Ga shi kuma ta riga ta haɗa ni da ƙawayenta biyu masu son irin aikin. Na bar hannuna a aljihu.

Na sa Baba ya buɗe kwantena, na ɗauki tsani na shiga wai zan sa sabon pil. Daga can sama nake jin komai. Hajiya ta kira Baba tsakar gida, gaban shofer, wato direbanta, da mai dafa abinci. Ba ta ɗaga murya ba da farko. Ta ce, "Tsoho, in pil kake so ka tambaye ni mana. Me na taɓa hana ka?" Bai gane ba. Sai da shofer ya fassara masa da Zabarmanci, ya ƙara gishiri, don na ji maganar ta fi ta Hajiya tsawo. Baba ya ce, "Ni? Wallahi, Hajiya, ni ba taɓa. Ni ba taɓa." Hausar ta gudu ta bar shi, ya koma yarensa yana rantsuwa. Mai dafa abinci ta ce ai dama sukari yana raguwa a kicin. Shofer ya ce shi ma ya taɓa neman tocilarsa ya rasa. Kowa ya kawo nasa icen ya sa a wuta.

Hajiya ta ce, "Yau pil, gobe bandir ɗin shadda. Wanda ya ɗauki ƙarami zai ɗauki babba. Ba ni mabuɗina."

Na leƙo ta bakin ƙofa na ga yana ciro igiyar daga wuyansa, ta maƙale a hularsa, hular ta faɗi ƙasa, ba wanda ya ɗauka masa. Na mai da kaina ciki na ci gaba da juya sukurun da ya riga ya ɗauru. Kafin la'asar ya naɗe tabarmarsa ya tafi. Ni ina cikin kwantena har lokacin, cikin zafin da zai gasa ƙwai, don kada mu haɗa ido.

Abin da na yi bayan nan ya fi wannan muni, kuma shi ne ban taɓa gaya wa kowa ba. Kwana biyu tsakani na dawo da rile a cikin jakata. Na kafa shi a bangon kicin ta waje, daidai saitin kwantena, na matso da ɗan kusa da ramin shan iska da ke jikin ƙarfen. Na sa aka rufe ƙofa, aka sa kwaɗo, sannan na gwada. Rezo ya cika. Hajiya ta tambayi mene ne wannan akwatin, na ce ƙarin tsaro ne, kyauta ce daga gare ni. Ta ce Allah ya yi mini albarka, irina ba su da yawa.

Aikin ya yi kyau, wannan kam ba na musu. Wata ɗaya, wata biyu, wata huɗu, ko ƙit ɗaya. Ranar da na je dubawa Hajiya ta tare ni da fara'a. Ta ce, "Ka gani ko, Injiniya? Tun da Tsoho ya tafi abin nan bai sake kuka ba. Da ina ta jin nauyi a raina, ina cewa ko na zalunce shi. Yanzu hankalina ya kwanta." Da hannuna na gyara aikin, da hannuna kuma na tabbatar wa bawan Allah sata. Na ce mata, "Allah ya kyauta," na sha ruwan da aka kawo mini.

Abin ya ƙi barina. In ina kan tsani a wani gidan, wani ya riƙe mini ƙafarsa, sai in tuna Baba. Bayan damina na tambayi shofer inda tsohon yake, ya ce ya koma lambun ƴan'uwansa a Gamkalley. Wata safiya na hau babur na nufi can, tun daga gida ina shirya maganata. Zan ce, Baba, laifina ne. Zan nuna masa pil ɗin. Zan ɗauke shi a baburin nan mu je gaban Hajiya tare. Har na ji na fara burge kaina.

Na same shi a bakin kogi, wandonsa a naɗe zuwa gwiwa, yana ɗauke da bokitan ban ruwa biyu tsakanin fangalin salad. Ya rame, wuyansa duk jijiya. Mutumin da ya saba zama a inuwa, ga shi yana hawa gangare da ruwa a shekarunsa. Da ya gan ni ya ajiye bokitan, ya kama hannuna da hannu biyu, yana ta fofo, fofo, gaisuwarsu ta Zabarmanci, ya ja ni ƙarƙashin mangwaro ya kakkaɓe mini buhu in zauna.

Na tambaye shi aiki. Ya ce ya nemi gadi a gida biyu a Koira Kano, duka an ce a'a. Masu gadi suna hira da juna, labarin ya riga shi isa. "An ce hannuna ba kyau," ya faɗa yana kallon tafin hannun nasa. Ya ce yunwa ba ta kashe shi ba, ƴan'uwa suna nan, amma ko a masallaci in an rasa takalmi sai ya ga kamar shi ake kallo.

Na gyara zama, na sa hannu a aljihu. Kafin in buɗe baki ya dafa gwiwata.

Ya ce, "Injiniya, ni ba manta. Ranar nan kowa ya sa baki. Shofer ya sa, mai tuwo ta sa. Kai kaɗai ba ka ce komai a kaina. Kai ɗan mutunci ne. Allah ya ba ka ƴaƴa masu rufa maka asiri."

Wallahi da mari ya yi mini da ya fi mini sauƙi. Na zare hannuna daga aljihu, na bar pil ɗin a ciki. Abin da ya fito daga bakina shi ne, "Ba komai, Baba."

Ya tashi ya shiga fangali ya cika mini leda da salad da karoti. Na ce a'a, ya ce in na ƙi karɓa na raina shi. Shi da kansa ya ɗaure ledar a bayan babur, ya ja igiyar ya tabbatar ta kamu. Na tayar da inji, sai ya matso kusa da kunnena saboda ƙara.

Ya ce, "In ka je, ka gaida Hajiya. Ka ce mata ni ba ɗauka. Aiki ba na so, na yafe. Ta sani kawai. Kai tana jin maganarka."

Na ce masa to, in sha Allahu. Tun daga ranar na je gidan Hajiya sau huɗu duba alam, kowane zuwa muna gaisawa, ta tambayi iyali, in tambayi kasuwa. Saƙon Baba yana wurina har yau.