Furfurar Motar Baba

Shekarar da soja suka miƙa mulki, muna Narayi, masaƙar da Baba yake aiki ta sallami ma'aikata, har da shi. Abin da ya rage masa tsohuwar motarsa ce. Ya ji ana neman motocin haya na kwasar baƙin bikin rantsarwa, ya kai ta. Mai zaɓen motocin ya shafa robar bamba da ta jikin ƙofofi, waɗanda rana ta koɗar har sun yi fari, ya ce, "Malam, motarka ta yi furfura."

Baba ya dawo ya lafta musu baƙin mai. Kafin la'asar ƙura ta manne, abin ya fi da muni. Ya zauna a dakali, ko tuwo bai taɓa ba.

Da magariba Kaka, mahaifiyarsa, ta tara mu bakin murhu kamar kullum. "Ku matso, ga wata nan tafe," ta ce. Muka ce ta iso mu ji.

Wai wata mata ce ta manta baƙin akushinta a rana har ya yi toka-toka, ga surukai na hanya. Ta goga masa gawayi. Da aka zuba miya, gawayin ya bi hannun baƙi, ta sha kunya. Sai wata tsohuwa ta karɓa ta wanke shi tas, ta shanya a inuwa, ta ɗumama a gefen wuta, tana shafa man kaɗe kaɗan-kaɗan har kwana uku.

"Kaka, kwana uku?" na tambaya.

"To, 'yar nan, rana ɗaya ya koɗe?" Ta ɗaga murya fiye da yadda ta saba.

Da safe na tarar da Baba da sabulu da tsohon buroshi. Ya kankare man nan, ya ja motar ƙarƙashin mangwaro, ya sayo man goge roba a Tudun Wada yana shafawa da tsumma. Aikin bikin ya wuce shi. Amma da ya fita tasha, direbobi suka yi ta tambayar wa ya yi masa. Suka fara kawo masa nasu motocin yana gyara musu robobin. Da wannan sana'ar ya yi mana makaranta, mu huɗu.

Sai da na haifi nawa, suka girma har suka fi ƙarfin faɗa, na gane ba mu Kaka take wa tatsuniyar ba. Ɗanta ne zaune a dakali, ba ta kuma so ta gyara masa a gaban 'ya'yansa.