Gwangwanin Maganin Yaya Haruna

Shekara tara ke nan da rasuwar wana, Yaya Haruna, kuma duk shekara in riɗi ya fara nuna a gonakin Simsim sai zama ya gagare ni. In share tsakar gidan da na riga na share, in ɗora jabana, butar dafa gahawa, a wuta in manta da ita har ta ƙone. Bana abin ya fi na kullum, kuma da dalili.

Wanda ya san kasuwar Gadarif a wancan lokacin ya san Yaya, dogon mutum mai dariya da ƙarfi, manomin riɗi da dawa. Lokacin yanka, ma'aikata daga Fau da Showak da ma bayansu sukan yi rububin zuwa kambonsa, wato bukkokin da suke kwana a bakin gona. Ba don ya fi kowa abinci ba, sai don gwangwaninsa. Tsohon gwangwanin alawar riɗi ne, a ciki akwai man kaushi, da man zafi mai hawa hanci, da ƙwayar asfirin. Mai faso, mai ciwon baya, mai ciwon kai, duk nan suke dosa. Daga baya wata likita ta gaya mini ukun nan dangi guda ne, asalinsu daga ɓawon wata bishiya, ɗaya yana ɓare fata mai tauri, ɗaya yana ɗumama jijiya, ɗaya ana haɗiya. Yaya bai san haka ba, shi dai ya san suna aiki.

Wata rana da hantsi bakinsa ya karkace, hannunsa na hagu ya saki, kafin a kai shi asibiti abin ya sake shi. Likita ya ce gargaɗi ne, ya rubuta masa ƙaramar asfirin, guda kullum har ƙarshen rai, don kada jini ya daskare ya toshe hanya a ƙwaƙwalwa. A gari ya sha, don matarsa Sa'adiyya tana tsaye a kansa. Sai yanka ya zo. Riɗi kuwa ba ya jiran kowa, in ka makara kwanson ya fashe, noman shekara ya zube a ƙasa. Ya haɗa kayansa, ya juye ƙwayoyinsa a gwangwanin nan tare da sauran, ya hau lori.

To, a nan ne alherinsa ya ci shi. Mutum ya wuni a rana da lauje, ya zo yana dafe da kai, Yaya ya buɗe gwangwani. Ƙwayar ƙarama ce, guda ba ta yi wa ƙato komai, sai ya zuba masa da yawa a tafin hannu. A lissafinsa, shi kansa ba ya ciwo, ga mai ciwon kai a gabansa, wa ya fi cancanta? Kafin yanka ya yi nisa ta ƙare. Direban lori ya gaya mana duk zuwansa gari Yaya kan yi saƙon sukari da ganyen shayi da albasa, bai taɓa cewa a sayo masa magani ba. Da azahar ya faɗi tsakanin dammunan riɗi, aka kawo shi gida ba magana, bai kuma sake yin ta ba.

Ajali ne, na sani, likitan ma ya ce ba zai rantse cewa rashin ƙwayar ne kaɗai ba. Amma ni na buɗe gwangwanin da hannuna, ba ko guda a ciki. Na yi fushi da Yaya, Allah ya gafarta mini, har yau fushin bai gama sauka ba.

Ina yawan tambayar kaina me zai ce da ya ga Gadarif ta yau. Gari ya cika da waɗanda yaƙi ya koro, kowane gida da baƙi, ga sauro, ga zazzaɓin nan na dengi mai sa mutum ya ji kamar ana sassara masa ƙashi. Yanzu likitoci roƙo suke kada mai zazzaɓi ya kusanci asfirin, don tana tsinka jini, shi kuma ciwon dama neman hanyar zubar da jini yake. Maƙwabciyata Hawwa, ƙanwarta ce ta ba ta don tausayi, na gan ta jini yana fita ta hanci da dasashi, da ƙyar aka ceto ta. Da Yaya yana nan, wallahi dariya zai yi ya ce, "Ke dai Asabe da tsoro, maganin da muka girma da shi?" Kuma da ya buɗe gwangwaninsa.

Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Makon jiya Bashir, babban ɗansa da ke riƙe da gonar yanzu, ya zo karɓar gwangwanin, don a wurina yake zama tsakanin kaka da kaka. Ya san ni ma likita ya ɗora ni a kan ƙwayar nan bara.

"Gwaggo, ki ɗan zuba mini cikin taki, na ma'aikata. Sauran zan saya a hanya."

"Ko guda ba za ka samu ba. A hanyar ma kada ka saya."

Ya dube ni kamar bai taɓa ganina ba. "Haba Gwaggo! Baba bai taɓa hana kowa ba."

"Shi ya sa yau ni kake tambaya, ba shi ba."

Maganar ta fita da zafi, na ga ta same shi, ban kuma janye ta ba. Na gaya masa labarin Hawwa. Na cika masa gwangwanin da farasitamol, da garin gishiri da sukari na haɗa ruwa, da man kaushin ubansa. Na ce duk wanda zazzaɓi ya kama a kambo, a ɗora shi a lori zuwa asibiti, ko da riɗin zai zube. Ya ce "Halas, Gwaggo," wato shi ke nan, ya ɗauka ya fita, bai shanye shayinsa ba.

Tun ranar nake kai-kawo. Kowane kanti a hanyar Simsim yana sayar da asfirin kamar alawa, Bashir kuma bai kira ni ba. Ban sani ba ko ya ji, ko kuwa "halas" ɗin na sallamar tsohuwa ne. In ya ba wani bawan Allah mai zazzaɓi, jini ya ɓalle masa a dajin nan, ina asibiti, ina mota? Kuma ta yaya Bashir zai rayu da wannan?

An ce alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza, na kuma gani. Har yau tsofaffin ma'aikata kan tare ni a kasuwa su yi wa Yaya addu'a, wani ma ya tuɓe takalmi ya nuna mini diddigensa. Wannan hannun nasa nake so Bashir ya gada, ba na so ya mutu. Abu guda kawai nake so hannun ya koyi riƙewa.

Allah ya jiƙanka, Yaya, ya sa gwangwanin nan ya yi nauyi a mizaninka. Ni dai kowace safiya, bayan na karya, nakan ɗauki tawa in haɗiye, ba na ba kowa. In maƙwabta sun ce Asabe ta zama marowaciya, su faɗa. Wadda nake haɗiyewar, ita ce wadda ka ba wani.