Ranar da Tetsu Ya Rufe Baki

Masue ba ta taɓa cewa tana son karnuka ba, aure ne ya haɗa ta da su. Tana da shekara ashirin da biyu aka kawo ta daga garinsu na bakin teku zuwa wani ƙauye a tsaunukan Kumano, ta tarar mijinta Genzo yana da gonar lemu, da bindiga ɗaya, da fararen karnuka uku 'yan jinsin Kishu na farautar aladen daji. Shekara arba'in da huɗu ita ke dafa musu, ita ke share makwancinsu, ita ke ɗinke su da allura in alade ya farke su da haure. Ko ɗaya bai taɓa kaɗa mata wutsiya ba. Haka jininsu yake, mutum ɗaya suke zaɓa, sauran 'yan gida kuwa da su da kujeru duk ɗaya ne.

Tetsu ne na ƙarshe. Fari ne sol, ga ƙirji, ga kunnuwa a tsaye, kuma tunda aka haife shi ba wanda ya taɓa jin ya yi haushi. Da Genzo ya faɗi a gonar lemu bai tashi ba, Tetsu ya kwanta a kan tsohuwar rigar farautarsa ya ƙi kallon kowa. Wata takwas Masue ta yi tana zama a baranda ta juya masa baya, tana gyaran wake, tana ba shi labarin ƙauye kamar mai magana da bango. Wata safiya ta ji nauyi a cinyarta. Kansa ne. Ta yi kukan da ba ta yi ba ranar jana'iza, kuma daga ranar duk wanda ya taɓa Tetsu ya taɓa ta.

Sai ga 'yarta Kanae ta zo haihuwa gida daga Osaka, da albishir a bakinta. In bazara ta yi, ita da mijinta Norio za su dawo ƙauyen gaba ɗaya, su zauna tare da ita. Masue ta yi murna, amma murnar ba ta kwana biyu ba Norio ya bugo waya.

Norio mutum ne mai ladabi har ya yi yawa, irin wanda ke russunawa ko a waya yake magana. Abin da ya dame shi kawai shi ne duk abin da ya karanta sai ya hau kai ya zauna.

"Mama, ku yi haƙuri, na yi ɗan bincike," in ji shi. "An ce irin wannan kare bai dace da gidan da ke da jariri ba."

"Wa ya ce?"

"Masana."

"Masanan nan sun taɓa ɗinke cikin kare? Norio-san, kai da ko kaza ba ka taɓa kiwo ba."

"Haka ne, Mama. Amma in ban gamsu da shi ba, daga asibiti Osaka zan wuce da su."

Ranta ya ɓaci sosai. Ta ce in za a fitar da Tetsu daga gidan Genzo, to a haɗa da ita. Kanae ce ta shiga tsakani, aka tsaya a kan magana ɗaya. Ranar da za a sallamo su, Norio zai ga karen da idonsa. In ya gamsu, kowa ya zauna. In bai gamsu ba, Masue ta zaɓa, ko kare ko jika.

Kanae ta haifi mace. Kwana biyar da suka yi a asibiti, kullum Masue sai ta dawo da zanen jaririyar ta ajiye wa Tetsu ya shinshina. Ranar sallama ta yi masa wanka, ta taje shi, ta dafa shinkafa da jan wake na murna, ta ɗiba ta ajiye a gaban hoton Genzo ta kunna turare.

"Karenka ne," ta ce wa hoton. "Ka ja masa kunne, kada ya kunyata ni."

Da hantsi motar ta iso. Masue ta tsaya a tsakar gida da igiyar Tetsu a naɗe a hannunta. Kanae ta zauna a bakin baranda da jaririyar a ƙirjinta, Norio ya tsaya can gefe ya sha mur, hannunsa a kan tsintsiya kamar ita ce za ta cece shi. Tetsu ya zo ya shinshina ƙafar Kanae, ya shinshina gefen zanen, ya yi hamma, ya zauna yana haki da harshe a waje. Aka yi minti biyar, aka yi goma. Norio ya saki tsintsiya. Har ya miƙa hannu, Tetsu ya kau da kai kamar bai gan shi ba, kowa ya yi dariya.

"Ai ni ma shekara nawa yana yi mini haka," in ji Kanae. "Kada ka ji haushi, ba ya gaisuwa da 'yan birni."

Masue ta fara jin iska na shiga ƙirjinta. Ta ci nasara. Har tana shirya baƙar maganar da za ta yaɓa wa masanan Norio in an zauna cin abinci.

Sai jaririyar ta farka ta yi kuka, ɗan siririn kukan nan na sabon haihuwa.

Tetsu ya rufe bakinsa.

Harshen ya koma ciki, hakin ya tsaya. Ya miƙe a hankali, kunnuwa suka karkata gaba, wutsiyar da ke naɗe a bayansa ta daina motsi. Nauyinsa duka ya koma ƙafafun gaba. Idonsa na kan zanen, ba ya ko ƙiftawa.

"Kanae, dubi yadda ya natsu," in ji Norio, murya ƙasa-ƙasa, yana zaro waya daga aljihu. "Tausayinta yake ji. Mama, na sha kunya, ku yafe mini. Ku kwance shi ya matso, in ɗauke su hoto tare."

Masue ta ƙara damƙe igiyar. Ta taɓa ganin wannan natsuwar. Shekara biyar da suka wuce ta kai wa Genzo abincin rana gona, suka tarar da ɗan aladen daji ya maƙale a wayar shinge yana tsala ihu siriri. Genzo ya riƙe mata hannu, ya nuna mata Tetsu ya ce, "Kalli bakinsa. Karen Kishu ba ya gargaɗi. In ya rufe baki, ya gama shawara." Kafin ta juya ta kalli mijinta, ihun ya ɗauke, Tetsu ya gama da ɗan aladen.

Igiyar na rawa a tafin hannunta, rawar da ba mai gani sai wanda ya riƙe. Daga ita sai hoton Genzo da ke cikin ɗaki suka san abin da ke faruwa a tsakar gidan nan. In ta ja bakinta ta yi shiru, ta riƙe igiyar da kyau har kukan ya wuce, Norio zai koma Osaka da hotonsa yana yabon kare. Za ta samu jika, ta samu Tetsu. Ta so ta yi shirun, ta so ƙwarai, har ta fara gaya wa kanta cewa wataƙila tsufa ne ke sa ta ganin abin da babu. Akwai sarƙa ai, akwai keji. Amma ita ta san sarƙa. Shekara arba'in da huɗu tana ɗaure karnuka, kuma ta san ranakun da ta manta. Nan da baɗi yarinyar za ta yi rarrafe a wannan barandar.

Kanae ta sauko da ƙafa ɗaya, ta karkato jaririyar. "Zo ka ga ƙanwarka, Tetsu."

Masue ta ƙara naɗe igiyar sau biyu har ta shige mata fata, ta taka ta shiga tsakaninsu.

"Kanae, tashi ki shiga ciki da ita. A hankali. Kada ki yi gudu."

"Mama, me ya..."

"Ki shiga. Norio-san, ja ƙofar."

Muryarta ce ta sa suka bi, ba don sun gane ba. Ƙofar ta rufu, kukan ya dushe. Tetsu ya ƙara tsayawa kamar an dasa shi, sannan ya girgiza jiki, ya buɗe baki, ya ɗago yana kallonta da harshe a waje. Bai san ya yi laifi ba, kuma bai yi ba. Aikin da aka haife shi don shi ya tashi yi.

Norio ya leƙo. "Mama, ai bai yi komai ba. Ko gurnani bai yi ba. Ni na janye maganata."

"Ni ban janye ba," in ji ta. "Masananka sun yi gaskiya. Kada ka gaya musu na faɗa."

Ba ta bari an ci abinci ba, don ta san in ta zauna za ta canza shawara. Ta ɗauko rigar Genzo ta shimfiɗa a bayan 'yar a-kori-kurarsu. Tetsu ya yi tsalle ya hau da murna, shekara biyu rabonsa da hanyar dutse. Ta tuƙa minti arba'in zuwa gidan Iwao, abokin farautar Genzo, wanda ke zaune shi kaɗai a ƙarshen hanya da karnuka biyu.

Iwao ya saurara yana sosa ƙeya. Ya kalli karen, ya kalli sawun igiya a hannunta.

"Ya rufe baki?"

"Ya rufe."

Bai ƙara tambaya ba. Ya karɓi igiyar ya ɗaure a ginshiƙin rumfa. "Kin san ba zai ci daga hannuna ba, Masue-san. Taurin kansa na ubangidansa ne."

"Wata takwas," in ji ta. "Kada ka kalle shi cikin ido. Ka zauna ka juya masa baya, ka yi ta surutu. Surutu dai ba ka rasa shi ba."

Ta shimfiɗa rigar a ƙarƙashin rumfar da hannunta. Tetsu ya zo ya ɗora kansa a cinyarta yadda ya saba. Ta ɗaga kan, ta ajiye shi a kan rigar, ta miƙe ta shiga mota ba ta waiwaya ba.

Ta kai kwanar farko ta ji haushin kare a bayanta, mai kauri, mai gargada, na maƙogwaron da bai saba ba. Ba na karnukan Iwao ba ne, ta san muryarsu. Shekara bakwai tana ba Tetsu abinci, yau ta fara jin muryarsa. Ƙafarta ta kai kan birki. Ta share ido da bayan hannu, ta ɗage gilashi, ta ci gaba da gangarawa, domin rana ta yi kuma ba a yi wa jaririya wanka ba.