Wanda Ya Riƙe Sandar Awo a Garinsu

Shekara ashirin da shida Mai Sanda ya yi yana bin masu awon ƙasa. Aikinsa ya tsaya inda aka ce, ya riƙe doguwar sanda mai lambobi, injiniya na leƙensa ta na'ura mai ƙafa uku yana rubuta tudun wurin. Bai yi karatu ba, amma in ya dubi taswira ya san inda layuka suka matsu da juna, nan ne gangara mai karya ƙafa.

Wata shekara aka turo su kwarin da aka haife shi. Sati uku suna hawa dutse suna gangarowa bakin kogi. Shi ya nuna musu mashigi, shi ya kafa sandar a tsakar gidan mahaifinsa, yayarsa na tsaye tana kallo.

Da taswirar ta fito, jan layi ya zagaye gida arba'in, wai ruwa zai iya cin su. Hukuma ta tashe su ta mai da su kan tudu, inda ake haƙa gaba goma ba a ga danshi ba. Mutane ba su san injiniyan ba. Shi suka sani.

Bayan ya ajiye aiki ya dawo, ya yi sallama a gidan yayar. Tana tankaɗe, ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Yaya, ko ruwa ba za a ba ni ba?"

"Ruwa yana ƙasa, inda ka raba mu da shi. Sauka ka sha."

"Ni fa sanda kawai na riƙe."

"Da hannun wa?"

Duk da haka ya gina ɗaki a gefen gari ya zauna. In ya gaida mutane sai su kau da kai.

A damina ta huɗu da dawowarsa kogin ya cika ya shafe tsohon garin, har tsamiyar bakin kasuwa. Mai Sanda ya ɗauka yanzu za a sassauta masa. Sai mijin yayarsa ya tare shi cikin jama'a ya ce, "Hankalinka ya kwanta? Mugun bakinka ne ya kira shi."

Mai Sanda ya dube shi sama da ƙasa. "Da an bar ku, da yanzu kifi na wasa da hularka."

Ba wanda ya yi dariya. Washegari ya kwaɓa ƙasa ya toshe ƙofarsa mai kallon gari, ya fasa wata ta baya, wajen dutse.