Zama Kafin a Tayar da Mota

A shekarun da na yi ina tuƙa motar wata ƙaramar ƙungiyar ƙwallo a Badi'a, wata unguwa a birnin Riyadh, babu wanda ya gajiyar da ni kamar kocinmu, wani dattijo ɗan Belarus. A ƙasarsu ya yi tashe yana tsaron baya, har gwiwarsa ta hagu ta ce ta gaji. Daga nan ya koma horar da 'yan wasa, yau wannan ƙungiya gobe waccan, kowace ba ta kai ta baya ba, har ya faɗo hannunmu. Da bakinsa ya gaya mini, cikin guntun Larabcinsa, cewa in nan ma aka sallame shi, to shi da ƙwallo sai a talabijin.

Yana da wata al'ada ta garinsu. Duk ranar da za mu fita wasa, sai kowa ya shiga mota, in tayar, sannan kocin ya ɗaga hannu in kashe. A zauna shiru na ɗan lokaci, wai haka ake yi a gidansu don matafiyi ya dawo lafiya. A zafin Riyadh fa! Na'urar sanyi a kashe, 'yan wasa na ƙunshe dariya, ni kuwa raina na tafasa, don na san cunkoson da ke jiranmu a unguwar Suwaidi.

"Kyaftin, yalla mana, mu tafi, mun makara," in ce, don Kyaftin ake kiran koci a can.

"Shuwayya, sadik," ya ce, idonsa a rufe, wato a hankali, aboki.

Haka muka yi ta zama, muna dawowa lafiya, muna kuma shan kashi. A ci mu a gida, a ci mu a waje. Da kakar wasa ta ƙare mudir, shugaban ƙungiyar, ya kira shi ofis, bai jima ba ya fito yana jan ƙafar nan.

Ni aka sa in kai shi filin jirgi. Akwati ɗaya ne, sai tsofaffin takalman ƙwallo a leda. Ya shiga gaba, na tayar da mota, na tsaya jiran hannun nan. Bai ɗaga ba.

"Kyaftin, yau ba za mu zauna ba?"

"Halas, shi ke nan," ya ce. "Wannan na mai dawowa ne."

Wallahi tausayinsa ya kama ni. Sai na kashe motar. Muka zauna cikin zafin nan, zufa na bin wuyana, babu mai cewa komai. Mun daɗe a haka kafin ya taɓa kafaɗata.

"Yalla, sadik," ya ce. "Mun makara."